Kwana huɗu a Kumasi, ga abin da idona ya gani

Auwalu Fagge: Assalamu alaikum jama'ar gida. Baƙo ne ni a cikinku. Ɗan baffana Bashiru ne ya saka ni jiya da daddare, wai na ishe shi da surutu, in zo nan in zazzage. Daga Kano na zo bikin ƙanwarsa, yau kwanana huɗu a Aboabo, kuma ban taɓa taka ƙasar Gana ba sai wannan karon.

Ta Legas na biyo, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, hatimi kan hatimi. Na kwana Ankara, babban birnin Gana, da safe na hau doguwar mota, ba mu shigo Kumasi ba sai wajen la'asar. Hanya duk kore shar, ayaba da gonakin koko, ga wasu itatuwa dogaye da sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Washegari na tashi gidan baffa kaf da buga ƙofa wai za a makara asuba, ashe agogon hannuna na Kano ne, ku kuna bayanmu da awa guda. Har yanzu matar baffa ba ta daina yi mini dariya ba.

Kasuwar Kejetiya kuwa, gani ya kori ji. Ni da nake taƙama da Kantin Kwari da Sabon Gari da Kurmi, na hau saman sabon ginin nan da kuke ce wa Dubai na leƙo, rufin kwano iya ganinka. Amma ba girman ne ya fi ɗaure mini kai ba. Mata! Doya mace, kifi mace, atamfa mace, tumatir mace, mai ba da canji mace, mai yi maka tsawa ma mace. Sai da na isa layin mahauta na ga maza sun yi yawa, na ji sanyi a raina.

Na taya wani takalmin fata irin na sarautarsu, mai shi ta dube ni ta ce miliyan biyu. Wallahi na ajiye shi a hankali kamar ƙwai, na ja da baya.

Abinci kuma, an kai ni cin wani abu wai wace. Da aka buɗe ganye sai na ga garau-garau ne aka naɗa masa rawani: shinkafa da wake, an yi masa ja, an ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da ganda da wani baƙin yaji mai kifi. Da daɗi kam, ba zan yi ƙarya ba. Amma namu ne.

Sai Hausarku. Wata yarinya a layinmu na tambaye ta mamanta, ta ce "Mmana ya tafi kasuwa, bai dawo ba." Jama'a wa ya yi wa Hausa wannan aika-aika?

Bashiru Magazin: Na faɗa muku. Tun ranar da ya sauka haka yake.

Rabi'u Nima: Wa alaikumus salam Malam Auwalu, barka da zuwa. Laifinka ɗaya, ka kwana Ankara ba ka shigo Nima ba. Wacen da ka ci a Kumasi ai gwaji ne.

Hajiya Mariya Aboabo: Rabi'u ka tsaya gefe tukuna, ba da kai nake ba yau.

Auwalu sannu da zuwa ɗana. Bari in fara da kuɗi don kada ka koma Kano ka ce muna sayar da takalmi kuɗin fili. A 2007 aka canja mana kuɗi, aka cire sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1. Takarda ta canja, bakin 'yan kasuwa bai canja ba. In mace ta ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. Miliyan biyun da ya firgita ka sidi 200 ne, kuma da ka tsaya ka ce mata "te so", wato rage, da ta rage. In kayan awo ne kuma bayan an gama ciniki ka ce "to so", ta yi maka gyara. Ka riƙe waɗannan biyun, kada ka haɗa su, don na taɓa ganin baƙo yana roƙon mai tumatir ta rage masa gyara.

Maganar wace kuma. Shekara ashirin da wani abu mahaifiyata tana dafa shi a bakin titi, ni nake wanke mata wake tun ƙarfe uku na dare. Ba wanda ya musa cewa sunan daga bakinmu ya fito, wake ne Tonawa, wato mutanen Asante, suka lanƙwasa. Amma garau-garau? Haba. Jan da ka gani karan dafi ne, a tafasa shi da 'yar kanwa sai ruwan ya yi jawur kafin a zuba wake. Baƙin yajin nan shito sunansa, ana soya shi a mai da busasshen kifi da jatan lande da citta da albasa, a ƙaramar wuta, awanni kana juyawa, in ka ɗauke ido ya ƙone ya yi ɗaci kin yi asarar kwana. Kai naku mai da yaji ne a barbaɗa a tashi. Ba raini ba.

Auwalu Fagge: Hajiya na karɓi gyara a kan kuɗi, Allah ya saka. Gobe zan koma wajen matar nan. Amma karan dafi ai ko a Kurmi tari ne, dukawa na rina fata da shi, mata na dafa wa mai ƙarancin jini. Kanwa tamu, wake namu, taliya har sunanta ba ku canja ba. Da safe an ba ni koko da ƙosai, a jikin teburin ma an rubuta Hausa koko. Na ga fankasau, na ga masa, na ga ƙuli-ƙuli, na ga zoɓo kuna ce masa sobolo, tuwo kuna ce masa tuwon zafi kamar akwai mai cin na sanyi. To me ya rage?

Hajiya Mariya Aboabo: Abin da ya rage shi ne a Kano ba ku dafa shi haka ba, mu muka dafa. Yarinyar da aka aurar garin nesa ta haihu ta yi jikoki, sai ka zo ka ce jikokin na gidanku ne su tattara su bi ka?

Zulai Asawase: Mma Mariya ta gama magana. Ni a kan Hausar zan tsaya. Yaya Auwalu, yarinyar da ka yi wa dariya, in ka bincika tana jin Tonanci, tana jin Turanci, wataƙila a gida Dagwambanci ko Mosanci ko Zabarmanci ake yi mata. Hausa ita ce ta haɗa layin gaba ɗaya. Mutane da yawa a Zango ba Hausawa ba ne ta jini, harshen ne ya zama na unguwa. Tonanci ba ya raba mace da namiji a wakilin suna, yawancin harsunan arewacin Gana ma haka, shi ya sa "ya" ya cinye "ta". Ƙ da ɗ ma da yawa ba sa fitar da su. Ni a makarantar allo da littattafai na gyara tawa, amma in na shiga gida Gananci nake yi, kuma ba na jin kunya.

Auwalu Fagge: Ƙanwata wasa nake yi.

Zulai Asawase: Na sani. Amma duk wanda ya zo daga Najeriya da wannan wasan yake fara gaisuwa, shi ya sa ya gundure mu.

Alhaji Isufu mai albasa: Ku yi haƙuri da shi. Mu ma na Nijar haka Kanawa ke muna, su ce muna "shina" da "mi kac ce". Shekarata goma sha ina kawo albasar Galmi garin ga, ban taɓa rasa mai fahimtata ba. Harshen da aka yi ciniki da shi aka biya ka, ai bai lalace ba.

Malam Tanko Yalwa: Salamu alaikum. Na karanta duka. Auwalu, baffanka ya san ni, ka gaishe shi.

Abin da ka gani a faranti da a bakin yara, hanyar goro ce ta kawo shi. Kakanninmu fatake ne. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Katsina da jakuna, madugu a gaba, a ɗauko kanwa da fata da saƙi, a yi watanni a hanya kafin a iso Gwanja. Babbar kasuwar a lokacin Salaga ce, ba Kumasi ba. Goron a dajin Tonawa yake fitowa, su kai shi Salaga, mu mu saya mu yi arewa da shi. Inda ayari ya sauke kaya ya kwana shi ne zango, ka ga inda sunan unguwanninmu ya samo asali. A 1874 Turawan Ingila suka shigo Kumasi suka ƙone ta, ƙarfin Asante a kan arewa ya yi sanyi. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, fatake suka watse, wasu Kete Krachi, wasu Ankara, wasu nan. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ne Zangon Kumasi ya cika sosai. Ko Alhasan Ɗantata naku na Kano, da goron wannan ƙasa ya fara ƙafa kafin ya shiga gyaɗa.

To mutanen da suka zauna sun auri matan ƙasa. Uwa Badagomba ko Bagwanja ko Batona, uba Bahaushe yana kan hanya rabin shekara. Wa zai koya wa yaro magana, wa zai ɗora tukunya? Ka ga amsar tambayoyinka biyu a wuri ɗaya.

Bashiru Magazin: Baba Malam, kakarmu ma ai 'yar Yendi ce. Shi Auwalu bai sani ba, ko ya manta.

Auwalu Fagge: Ban sani ba wallahi. A gida ana cewa dai "Inna ta Gwanja". Allah ya gafarta Malam, na gode, zan isar da gaisuwa. Amma in haka ne me ya sa reshenmu ya koma Kano, na su Bashiru ya tsaya?

Malam Tanko Yalwa: Ka tambayi baffanka shekarar da mahaifinka ya tafi. In ya ce maka ƙarshen 1969 ne, to dokar Busia ce, firaministan Gana na lokacin. Aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Ina yaro lokacin, ina tuna maƙwabcinmu ya sayar da gadon ƙarfe da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na buhun masara ba, matarsa na zaune kan ƙullin kaya tana kuka, an haife ta a nan, ba ta san kowa a can ba. Gidaje da yawa haka suka rabu biyu.

Rabi'u Nima: Su ma sun rama a 1983 lokacin Shagari, suka kori 'yan Gana daga Najeriya. Har jaka suka sa wa sunanmu.

Auwalu Fagge: Da irinta na zo da kayan biki, sai da na iso na ji nauyin kiran sunanta. Na tambayi baffa yanzu, ya ce haka ne, 1969. Ya yi shiru, ya ce in bari sai bayan biki mu zauna.

Alhaji Isufu mai albasa: Mu koma ga abinci, kun sa jiki ya yi sanyi. Malam Auwalu ka ci sakwara?

Auwalu Fagge: Alhaji na ci, ko in ce ta ci ni. Bashiru ya kai ni wani gidan abinci kusa da garejinsu. Aka kawo wata kasko ta ƙasa mai zane a ciki, sakwara a tsakiya kamar tsibiri, miya ta kewaye ta har ta kusa nutsewa, ga naman akuya. Na gutsura na fara tauna, sai na ga duk teburin ana kallona. Wai ba a taunawa, yanka ake da yatsu biyu a tsoma a haɗiye. Ta rogo da ayaba ce, ba ta doya irin tamu ba, tana da danƙo, tana bin maƙogwaro kamar ta san hanya. Miyar kuwa ruwa-ruwa, amma barkonon da ke ciki sai da na cire hula. Da na gama na ga kowa ya ɗaga kaskon ya shanye, ni ma na ɗaga. In ka je gari ka ga kowa da jela.

Bashiru Magazin: Ya ƙara na biyu, bai faɗa ba.

Amma Yaya, da gaske yanzu, kada ka shiga irin wuraren nan kai kaɗai ka nuna tukunya da yatsa. Inda na kai ka na san mai yanka musu. Wasu wuraren miya ɗaya za ka tarar da naman daji, gyazbi, dodon koɗi, har ƙafar alade. Ba ɓoyewa suke ba, abincinsu ne. Ka ce kai Kramo ne, haka suke kiran Musulmi, za su faɗa maka gaskiya wace tukunya za ka ci. In kana shakka ka ce kifi. Tsire kuwa ko'ina ka gan shi ci abinka, cincinga suke ce masa, kusan duk masu yin namu ne.

Zulai Asawase: Yaya Auwalu akwai abin da ban ji ka ambata ba a Kejetiya, ko ba ka lura da 'yan matan da ke ɗaukar kaya a kwano ba?

Auwalu Fagge: Na lura mana, ɗaya ta kusa ture ni. Ina tsaye ina kallon layin dogon da ya ratsa ta cikin kasuwa mutane sun baza gwanjo a kansa, sai na ji "ago! ago!" a bayana. Kafin in waiga gefen kwano ya goge mini kunne. Yarinya ce ba ta fi shekara sha huɗu ba, doya cike da kwanon har ta yi tozo, ga goyo a bayan wata da ke biye da ita. Na so in sa a rubutun farko a matsayin abin dariya, sai na fasa.

Zulai Asawase: Gara da ka fasa. Kayaye ake ce musu, farkon kalmar, kaya, namu ne na Hausa, ƙarshen kalmar na mutanen Ankara. Yawancinsu daga arewa suke zuwa, ƙasar Dagwamba da Mamprusi, su tara kuɗin kayan ɗaki ko na makaranta. Da yawa a barandar shaguna suke kwana, ko su cushe ɗaki ɗaya su goma sha. In ruwa ya sauko da dare a tsaye suke kwana. Kuma mu 'yan Zango da muke cika baki, mu ne muke taya musu sidi biyu a kan kayan da namiji ba zai ɗaga ba.

Hajiya Mariya Aboabo: Zulai ba duka ba. Ni tawa shekara uku tana tare da ni, a gidana take cin abinci.

Zulai Asawase: Ban ce ke ba Mma.

Auwalu Fagge: Ba ni da bakin magana a nan, wanda ya fito daga garin da yara ke yawo da roba a hannu.

Rabi'u Nima: To baƙo, ban da ci da kasuwa ba ka ga komai ba? Ko Bashiru a Magazin ya ajiye ka kana miƙa masa sifana?

Auwalu Fagge: Magazin ma abin kallo ce, gari guda na makanikai da 'yan walda, na ga an ƙera bodin tirela daga falankin ƙarfe ina tsaye. Amma jiya mun je gidan tarihi na Manhyia, fadar Sarkin Asante. Gidan da Turawa suka gina a 1925 wa Sarki Prempeh na ɗaya bayan sun dawo da shi daga tsibirin Seshel inda suka kai shi gudun dole. Bene ne madaidaici, bai kai ko kusa da gidan Sarkin Kano ba. Na shiga wani ɗaki na ga dattijo zaune cikin kente da zinariya, na rusuna na yi sallama. Mai yi mana bayani ya ce mutum-mutumi ne. Bashiru ya fita waje don dariya.

Abin da na tsaya ina tunani a kai, sarauta ba doki. Mu in ka cire doki da algaita da rawani me ya rage a hawan salla? Su kuwa kujera ce da laima da zinariya da tambura, sarki a kafaɗar mutane ake ɗaukarsa. Na tambaya aka ce doki ba ya rayuwa a dajin saboda tsando. Sannan na ga hoton rigar yaƙi, batakari, an lulluɓe ta da layu gaba da baya. Na ce wannan kam aikin malamanmu ne.

Malam Tanko Yalwa: Aikinsu ne. Tun kafin Turawa akwai malamai Musulmi a fadar Asante, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci suna yi masa addu'a. Har yau akwai limamin da fada ta sani.

Zulai Asawase: Ka ga kayan zinariyar da aka dawo da su daga Ingila a 2024? Guda 32, cikinsu har da waɗanda aka kwashe a 1874. Abin haushin wai aro aka ba da, na shekara uku. A shiga gidanka a ɗauki kayanka, jikan ɓarawon ya ara wa jikanka. In kana nan har Akwasidae ka je, duk kwana 42 ake yi, ranar Lahadi, Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu yana fitowa a gaishe shi.

Ustaz Habibu: Salamu alaikum. Gidan tarihi ba laifi. Amma Akwasidae ranar bautar kakanni ce, ana zuba giya a ƙasa ana kiran matattu. Bai kamata a tura baƙo can ba.

Malam Tanko Yalwa: Ustaz, abin da ake yi a ɗakin kujeru da safe ba a gayyatar kowa, ba kuma wanda ya ce ya je can. Zaman fili gaisuwar sarki ce, sarakunan Zango ma suna zuwa da rawunansu su yi gaisuwa su tashi. A ƙasarsa muke zaune.

Ustaz Habibu: Na ji Malam, amma ni ban gamsu ba. Shi dai ya san abin da zai tarar.

Auwalu Fagge: Ku kwantar da hankali, Laraba zan tafi, ko ina so ba zan riske ta ba. Saura tafkin Bosomtwe da Bonwire inda ake saƙar kente, Bashiru ya ce ɗaya za mu iya. Wanne?

Rabi'u Nima: Tafki. Ka ga masunta a kan falanki suna tuƙi da hannu, ba kwalekwale.

Hajiya Mariya Aboabo: Bakano ɗan kasuwa za ka kai kallon ruwa? Ku je Bonwire ya ga masaƙa, ya sayo wa matarsa ko ƙyalle ɗaya. Amma Bashiru kai za ka yi ciniki, shi ya rufe bakinsa, da sun ji Turancin Najeriya kuɗi ya ninka.

Kuma Lahadi bayan azahar ku biyo ta gidana. Tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, a nan ranar Lahadi ake cinsa. In ya ce wannan ma nasu ne ba zan musa ba, amma sai ya wanke kwano.

Alhaji Isufu mai albasa: Hajiya har da mu?

Hajiya Mariya Aboabo: Ka zo da albasa.

Auwalu Fagge: In sha Allahu Hajiya. Azahar ɗin ta agogon wa?

Bashiru Magazin: Na karɓe agogon, yana aljihuna.